Metamfetamin a Gaban Alƙali da a Gaban Likita

Metamfetamin, wadda masu sha da dillalai a biranen Nijeriya suka fi kira ais saboda kamanninta da ɓarɓashin ƙanƙara, tana cikin rukunin ƙwayoyi masu zaburar da ƙwaƙwalwa, wato waɗanda ke kore barci, su kashe yunwa, su kuma sa mutum ya ji wani ƙarfi da kuzari wanda jikinsa bai tanada ba. Ba a noma ta a gona kamar tabar wiwi ko ganyen da ake yin hodar ibilis da shi. Harhaɗa ta ake yi daga sinadarai, kuma wurin haɗin kan iya kasancewa masana'antar magunguna mai lasisi, kan kuma iya zama wani ɗaki da aka toshe tagoginsa a cikin unguwa. Ana samun ta a matsayin gari, ko ƙwaya, ko tsakuwa mai ƙyalli, ana kuma haɗiye ta, ko a shaƙa, ko a zuƙi hayaƙinta, ko a narka a yi allura. A kusan kowace ƙasa hukuncinta yana cikin mafi tsanani, amma har yau babu wani magani da hukumomin lafiya suka amince cewa yana raba mutum da jarabarta, kuma tsakanin tsananin hukunci da ƙarancin magani ne mashayinta da iyalinsa suke watangaririya.

Asalinta daga Japan ne. Wani masanin sinadarai mai suna Nagai Nagayoshi ne ya fara haɗa ta a 1893 daga efedrin, sinadarin da ke cikin wani tsiro da Sinawa suka daɗe suna maganin tari da asma da shi, sannan a 1919 Akira Ogata ya samar da ita a siffar tsakuwar da aka sani yanzu. A 1938 kamfanin Temmler na Jamus ya fitar da ita kasuwa da sunan Pervitin, ana saye a kantin magani ba tare da takardar likita ba, kuma a 'yan watannin bazarar 1940 an raba wa sojojin Jamus ƙwayoyi kimanin miliyan 35 domin su yi ta tafiya dare da rana ba runtsawa. Japan ma ta ba sojoji da ma'aikatan masana'antu irinta, da sunan Philopon. Da yaƙin ya ƙare sai abin da ya rage a rumbunan soja ya malalo cikin gari, dubban ɗaruruwan mutane suka kamu, har gwamnatin ƙasar ta kafa dokar taƙaita ƙwayoyi masu zaburarwa a 1951. Tun daga farko, ke nan, hukuma da kamfanoni ne suka koya wa jama'a ita a matsayin maganin gajiya, kafin hukumar ta juyo ta haramta.

Dokar duniya a kanta ta ginu ne a kan yarjejeniyoyi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta farko ita ce yarjejeniyar 1971 kan sinadarai masu juya tunani, wadda ta sanya metamfetamin a jeri na biyu, ma'ana ƙwayar da haɗarinta ga lafiyar al'umma yake da yawa amma tana da ɗan amfani a likitance, don haka ba a yarda a yi ta ko a sayar da ita ba sai da lasisi da takardar likita. Ta biyu ita ce ta 1988, wadda ta waiwayi kayan haɗin, musamman efedrin da sudo'efedrin, waɗanda halal ne a maganin mura da toshewar hanci, ta wajabta wa ƙasashe su riƙa bin sawun shigarsu da fitarsu. Akwai wani sashe na waɗannan yarjejeniyoyi da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi shafar talaka: dukansu biyu sun ba ƙasashe damar su tura wanda aka kama da ƙwaya don shan kansa zuwa jinya da gyaran hali a maimakon gidan yari. Saboda haka duk ƙasar da ta zaɓi ɗaure mashayi, zaɓinta ne, ba wani tilas da aka yi mata daga waje.

Yadda ƙasashe suka yi amfani da wannan dama ya sha bamban ƙwarai. A Amurka ƙwayar tana jeri na biyu a ƙarƙashin dokar 1970, har ma akwai wadda ake sayarwa bisa doka da sunan Desoxyn, a ƙaramin awo, ga masu lalurar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, ko da yake likitoci ba su cika rubuta ta ba. Amma wanda aka kama yana fataucin giram 5 na tsantsarta yana fuskantar aƙalla shekara 5 a dokar tarayya, giram 50 kuma aƙalla shekara 10. A 2006 ƙasar ta mayar da magungunan mura masu sudo'efedrin bayan kanta, sai da katin shaida ake saya, abin da ya rage ƙananan wuraren haɗi na cikin gida amma ya miƙa kasuwar ga manyan ƙungiyoyin Meziko, waɗanda suka koma wasu sinadaran suka ƙara yawan kayan tare da sauƙaƙa farashi. Birtaniya ta ɗaga ta zuwa aji mafi tsanani a 2007. Singafo kuwa hukuncin kisa take yankewa kan fataucin fiye da giram 250, yayin da Fotugal tun 2001 ta daina ɗaukar mallakar ɗan abin da mutum zai sha a matsayin laifin da ake kai wa kotu, tana tura shi gaban wani kwamiti da ke duba ko yana buƙatar jinya.

Nijeriya ta shiga wannan labari ne ta ƙofar masu haɗawa kafin ta masu sha. A 2011 Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, ta gano wurin haɗa metamfetamin na farko a Legas, kuma a Maris na 2016 ta bankaɗo wani katafaren wuri a Asaba ta Jihar Delta, inda aka kama 'yan Meziko huɗu da aka kawo don su koyar da sana'ar. A 2022 an sake gano wasu a wata unguwar masu hali a Lekki da kuma garin Nise na Jihar Anambra. Da farko yawancin kayan waje ake kai su, Afirka ta Kudu da ƙasashen gabashin Asiya, inda kilo guda ke ninka kuɗinsa sau da yawa. To amma duk ƙasar da ake haɗa ƙwaya a cikinta ba ta rasa samun rabonta, kuma zuwa ƙarshen 2021 kukan al'ummomin kudu maso gabas kan ƙwayar, wadda suke kira mkpuru mmiri, ya kai zauren Majalisar Wakilai, bayan hotunan matasan da ake ɗaurewa a bainar jama'a ana zane su da bulala sun cika kafofin sada zumunta. Binciken ƙasa da aka gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, daga ciki kimanin 89,000 masu metamfetamin. Adadin ƙarami ne idan aka gwada shi da na wiwi ko tiramadol ko ruwan kodin da suka fi addabar Arewa, sai dai an tattara shi ne kafin ƙwayar ta bazu a kasuwar cikin gida.

Dokar da ke aiki a kanta ta samo asali ne daga dokar soja mai lamba 48 ta 1989, wadda ta kafa NDLEA. Sashe na 11 ya ambaci hodar ibilis da hiroyin da makamantansu, kuma a ƙarƙashin kalmar makamantan ne ake gurfanar da masu metamfetamin a Babbar Kotun Tarayya. Wanda ya shigo da ita, ko ya fitar, ko ya haɗa, ko ya sayar, hukuncinsa a rubuce ɗaurin rai-da-rai ne. Wanda kuwa aka same shi da ita ko yana sha, ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba, bai kuma wuce 25 ba. A aikace alƙalai kan sassauta, kuma hukumar da kanta kan yi wa mashaya da yawa nasiha ta sallame su, ko ta ajiye su a cibiyoyinta na ɗan lokaci, domin dokar ta tanadar mata sashen ba da shawara. Amma sassaucin da ya dogara ga ganin damar jami'i bai isa ya kwantar da hankalin uwa ba. Matar da ta san cewa a rubuce ɗanta na iya shan shekara 15 ba za ta yi gaggawar kai shi inda za a rubuta sunansa ba, sai ta zaɓi rufin asiri har abin ya fi ƙarfinta. A Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da hukuncin kisa ga masu fatauci, matakin da bai kai ga zama doka ba, kuma muhawarar da ta biyo baya ta ƙare ne a kan dila, ba a ji ɗuriyar mashayi a cikinta ba sai kaɗan.

Fahimtar dalilin da ya sa tsoron ɗauri ba ya hana wanda ya riga ya kamu tana buƙatar a san abin da ƙwayar ke yi a ka. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda ke fita kaɗan-kaɗan idan mutum ya ci abinci mai daɗi ko ya yi nasara a wani abu, shi ne ke koya masa cewa abin ya cancanci a maimaita. Metamfetamin tana tilasta wa jijiyoyi su zubar da dofamin ɗin da suka adana gaba ɗaya, tana kuma hana su kwashe shi, kuma tana daɗewa a jini: rabinta ba ya fita sai bayan awa 10 zuwa 12, alhali hodar ibilis cikin kusan awa guda rabinta ke fita. Idan aka maimaita haka watanni, ƙwaƙwalwa kan rage hanyoyin karɓar dofamin don ta kare kanta, sai mutum ya wayi gari ba abin da ke faranta masa, ko abinci, ko iyali, ko sana'a, in ban da ƙwayar, ita ma sai an ƙara awo. Wannan shi ake nufi da jaraba a likitance: ci gaba da sha duk da mutum yana ganin ɓarnar da idonsa, yana kuma son ya daina.

Illar tana bayyana a jiki da hankali tare. Bugun zuciya da hawan jini kan tashi, har su kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ga saurayin da bai kai shekara 30 ba. Yawu kan ƙafe, haƙora su ruɓe, jiki ya rame. Abin da ya fi firgita iyali shi ne taɓin hankalin da ke biyo bayan kwana uku ko huɗu ba barci. Mutum kan tsaya a bakin taga yana leƙe ta labule, yana rantsuwa cewa maƙwabta sun haɗa baki a kansa, ya kwance wayarsa ko rediyo gunduwa-gunduwa yana neman na'urar da aka dasa don saurarensa, ya riƙa jin muryoyi, ya yi ta soshe hannuwansa har su yi gyambo saboda yana jin ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa. A gidaje da dama wannan ne lokacin da ake cewa iska ce ko sammu. Ga mafi yawan mutane alamun kan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni idan an daina sha an kuma samu barci, tare da taimakon magungunan da likitan ƙwaƙwalwa ke bayarwa, amma ga wasu sukan daɗe, ko su dawo da zarar an sake taɓawa.

Daina ta ba ya zuwa da makyarkyata da amai irin na hiroyin, ko farfaɗiya irin ta barasa, shi ya sa mutane ke raina wahalarsa. A kwanakin farko mai jinya barci yake yi kamar ba zai tashi ba, ya farka da yunwa mai tsanani, ya ci ya koma; daga nan sai baƙin ciki mai nauyi ya sauko masa, da saurin fushi, da ƙwaɗayin ƙwayar da ke zuwa yana tafiya. Mafi tsananin wannan hali kan ɗauki mako guda zuwa kwana 10, ragowarsa kuma makonni, kuma a wannan tsakanin ne haɗarin mutum ya kashe kansa yake ƙaruwa, don haka bai kamata a kulle shi shi kaɗai a ɗaki a ce ana horar da shi ba. Wanke jiki daga ƙwayar, duk da muhimmancinsa, share fage ne kawai, kuma yawancin masu komawa ruwa bayan sun wuce wannan mataki ne suke komawa.

A fagen magunguna nasarar ba ta taka kara ta karya ba. Masu jarabar hiroyin suna da metadon da bufrenofin, waɗanda ke maye gurbin ƙwayar su rage mace-mace, amma babu kwatankwacinsu ga metamfetamin. Gwajin da ya fi ba da fata shi ne wanda aka buga sakamakonsa a Amurka a Janairun 2021, inda aka haɗa allurar naltirekzon da ƙwayar bufrofiyon a kan mutum 403: kashi 13.6 cikin ɗari na waɗanda suka samu maganin sun nuna sauƙi, a kan kashi 2.5 na waɗanda aka ba maganin bogi. Bambancin na gaske ne, amma yana nufin kusan mutum ɗaya ne cikin tara ya amfana saboda maganin, ga kuma tsadar allurar. Duk mai tallar wani ruwa ko gari da ya ce yana cire jarabar ais cikin mako guda, yana faɗin abin da manyan cibiyoyin bincike na duniya ba su kai gare shi ba.

Hanyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta ba ta da alaƙa da kantin magani, kuma da jin ta sai mutum ya yi mamaki. Ana kiran ta jinyar tukuici. Mai jinya yana zuwa asibiti sau biyu a mako ya ba da fitsari, a gwada nan take a gabansa. Idan babu ƙwaya a ciki, kafin ya bar kujerar za a miƙa masa ɗan tukuici, galibi katin sayayya, a kuma yaba masa, kuma kowane mako da ya jera ba tare da sha ba tukuicin yana ƙaruwa. Idan gwajin ya nuna ya sha, ba faɗa, ba kora, ba kiran 'yan sanda. Ranar dai ba ya samun komai, tukuicin ya koma na farko, a ce masa sai rana ta gaba. Asibitocin tsofaffin sojojin Amurka sun fara aiki da ita tun 2011, kuma a 2023 Jihar Kalifoniya ta shigar da ita cikin inshorar lafiyar marasa galihu, inda ake farawa da dala 10, jimillar abin da mutum zai iya samu a mako 24 kuma ba ta wuce dala 599 ba. Hikimar tana komawa ne ga dofamin: ƙwaƙwalwar da ƙwaya ta lalata ba ta jin alkawarin nesa, ko na lafiya bayan shekara ko na ɗauri bayan shari'a, amma tana jin ladan da ya zo yanzu-yanzu.

Masu suka kan ce wannan biyan mutum ne don ya bar abin da tun farko bai kamata ya yi ba, kuma ƙorafin yana da nauyi a al'ummar da mai gaskiya ke kwana da yunwa. Sai dai idan aka lissafa abin da gwamnati ke kashewa wajen ciyar da fursuna na shekara guda, ko abin da iyali ke asara ta kayan gida da ake sacewa a sayar, tukuicin ya fi araha nesa ba kusa ba. Raunin hanyar na gaske shi ne tasirinta kan ragu bayan an daina biya, shi ya sa ake haɗa ta da jinyar tattaunawa, inda ƙwararre ke koya wa mutum ya gane abubuwan da ke tayar masa da ƙwaɗayi, kamar wani aboki, ko wani lungu, ko ranar da kuɗi suka shigo hannu, ya kuma tsara abin da zai yi idan sun zo. Tsarin da aka fi sani shi ne na Matrix, wanda aka ƙirƙiro a birnin Los Anjeles a shekarun 1980, mai mako 16, wanda ya haɗa zaman rukuni da wayar da kan iyali da gwajin fitsari, mai jinya kuma yana kwana a gidansu. Komawa sha bayan jinya abu ne da ake sa rai da shi, kamar yadda sukarin mai ciwon sukari kan tashi bayan ya sauka, kuma abin da ake buƙata a lokacin shi ne a dawo asibiti da wuri. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a wani bincike na 2001 sun nuna cewa hanyoyin dofamin suna farfaɗowa sosai bayan wata 12 zuwa 17 da dainawa, ko da yake ƙarfin tunawa da natsuwa sun fi jinkirin dawowa.

Jinyar da ke buƙatar watanni da ƙwararru da kayan gwaji ita ce ainihin abin da ya yi ƙaranci a Arewa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar ba su kai 300 ba, kuma binciken 2019 ya gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na mashayan da ke cikin haɗari mafi girma sun so jinya ba su samu ba, saboda tsada, da tsoron tsangwama, da rashin wurin zuwa. Giɓin da wannan ya bari gidajen mari ne suka cike shi. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, sannan aka sake buɗe irinsu a Daura da Katsina da Zariya. Iyaye da dama da kansu suka kai 'ya'yan, suna biya, saboda shaye-shaye iri-iri, an gudu ba a tsira ba. Sarƙa tana hana mutum kai wa ga ƙwaya muddin tana ƙafarsa, amma ba ta koya masa komai game da ranar da za a kwance ta, kuma ga mai taɓin hankalin metamfetamin, wanda dama yake jin ana farautarsa, duka tabbatar masa da zarginsa yake yi.

Ghana, wadda ita ma ta rattaba hannu a kan waɗancan yarjejeniyoyi, ta sauya dokarta a 2020, ta mayar da hukuncin mallakar ƙwaya don shan kai zuwa tara maimakon doguwar ɗauri, ta kuma bar hukunci mai tsanani a kan masu fatauci. Nijeriya ta yi rabin tafiyar ta wata hanyar: a Janairun 2023 aka sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai jinya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Dokokin biyu yanzu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana kallon mashayin metamfetamin a matsayin mara lafiya mai haƙƙi, ɗayar tana tanadar masa shekara 15 zuwa 25, kuma wadda za ta hau kansa ta dogara ne ga wanda ya riga isa gare shi, likita ko jami'in kame.